Kwalba a cikin kankare: rigimar tana wajen niƙa

Kawuna yana buga bulo a bayan unguwar Aboabo a Kumasi tun ina makarantar allo. Wata Asabar na same shi zaune a kan baro yana lissafin kuɗin tipar yashi, sai ɗaya daga cikin yaransa ya matso da waya a hannu. Bidiyo ne na wasu mutane a ƙasar waje suna zuba kwalabe cikin inji, ɓarɓashin yana fitowa kamar yashi, suna kwaɓa shi da siminti. Yaron ya ce, "Kawu, ga kwalabe nan cike da bola kyauta, mu kuma muna sayen yashi da tsada. Me zai hana?" Kawu ya karɓi wayar, ya nisanta ta da idonsa, ya kalla har ƙarshe, sannan ya mayar masa. Ya ce, "Ɗana, kwalba a kan katanga na san aikinta, tana hana ɓarawo haurowa. A cikin bulo kuwa, sai na ga abin da za ta yi bayan damina biyar."

Yaron yana da hujja, kuma Kawu ya fi shi hujja, ko da yake bai san sunan abin da yake tsoro ba. Abin yana da suna, an san shi sama da shekara tamanin, kuma shi ne kan gaba a duk maganar sa gilashi cikin kankare.

A fara da hujjar yaron. Kankare ba siminti ne mafi yawansa ba. Yashi da tsakuwa su ne ke cike kashi 60 zuwa 75 cikin ɗari na jikinsa, siminti da ruwa aikinsu su liƙe waɗannan wuri ɗaya. Hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta cewa duniya tana ɗibar yashi da tsakuwa kusan tan biliyan 50 a kowace shekara. Mu a Kumasi ba sai an karanta mana rahoto ba. Duk wanda ya fita bayan gari ya ga gonakin da aka kwashe samansu, aka bar ramuka cike da ruwan sama. Birni yana faɗaɗa, tipa tana ƙara nisa kafin ta samo yashi mai kyau, kuma nisan yana shiga cikin farashi. Shi ya sa masu bulo da yawa suka koma ga garin dutse daga wuraren fasa dutse irin na Buoho. A bakin teku ma ɗibar yashi na cikin abubuwan da ke taimaka wa ruwa cin ƙasa.

Ta ɗaya ɓangaren ga kwalba. Gilashi ba ya ruɓewa. Wanda aka zuba a jujin Oti da ke Dompoase bana, jikokinmu za su iya tono shi yadda yake. Inda ake da masana'antar kwalba, mafi kyawun abin da za a yi da fasasshen gilashi shi ne a narkar da shi ya sake zama kwalba, domin yana narkewa sau da sau ba tare da ya lalace ba. To amma masana'antar gilashi ta Aboso kusa da Tarkwa, wadda aka gina a zamanin Kwame Nkrumah, ta daɗe a rufe. Kwalbar da ta fashe a Kejetia ko gilashin taga da ya tsage a Asawase, yawanci aboboya, wato babur mai ƙafa uku na ɗaukar kaya, ce ke ɗaukarsa zuwa bola tare da sauran shara. Ga abu an yi shi da yashi tun asali, domin kusan kashi 70 cikin ɗari na gilashin kwalba silika ne, wato sinadarin da ke cikin yashi. Nauyinsa ma ya yi kusa da na yashi. Hankali zai ce a mayar da shi inda ya fito.

Wurin da hankalin ya yi tuntuɓe shi ne nan: silikar da ke cikin yashi da wadda ke cikin gilashi sunansu ɗaya, halinsu daban. Ta cikin yashi a tsare take, ƙwayoyinta jere kamar sahun salla, shi ya sa da ƙyar wani sinadari ke iya taɓa ta. Ta cikin gilashi an narkar da ita a wuta mai zafin kusan digiri 1,500, aka sanyaya ta da sauri kafin ta koma sahu, sai ta daskare a hargitse. Silika a hargitse tana da sauƙin ci ga duk abu mai kaifin kanwa. Ruwan da ke maƙale cikin ƙananan ƙofofin kankare kuwa ya fi ruwan tokar da iyayenmu mata ke yin sabulu da shi kaifi. A ma'aunin pH, wanda ake auna kaifin ruwa da shi, yana haura 13. Duk leburan da ya taɓa wuni yana kwaɓi ba safar hannu ya san yadda siminti ke cin fata.

Idan wannan ruwa ya daɗe yana lasar gilashi, sai wani abu mai danƙo ya fito, kama da ƙaro. Shi wannan danƙon yana shan ruwa ya kumbura, kamar garin rogo da aka jiƙa aka manta a kofi. A kofi akwai wurin tashi. A cikin kankaren da ya riga ya ƙame babu, don haka sai ya tura ta ciki. Kankare kuma gwani ne wajen ɗaukar nauyin da ke danne shi, amma rago ne idan ana yage shi. Daga nan tsagewa ke farawa, sirara da farko, a warwatse kamar ƙasan tafki da rani, wani lokaci da farin abu yana tsattsafowa. Tsagar ta buɗe wa ruwa hanya, ruwa ya ƙara kumbura danƙon, ya kai ga rodi ya sa masa tsatsa. Wani injiniyan hanyoyi a Kalifoniya ta Amurka, Thomas Stanton, shi ya fara bayyana wannan cuta, wadda ake kira alkali-silica reaction da Turanci, a 1940, bayan ya bibiyi tituna da gadojin da suke tsagewa ba a san dalili ba. A lokacin ba gilashi ya gani ba, wasu duwatsu ne masu irin wannan silikar. Gilashin kwalba kuwa yana cikin waɗanda suka fi saurin kamuwa.

Abin da ya sa nake ganin maganar Kawu ta damina biyar ta dace shi ne, cutar ba ta gaggawa. Gwajin da aka saba yi wa kankare shi ne a zuba shi a ƙaramin akwati, a jira kwana 28, a matse shi a inji a ga nauyin da zai ɗauka kafin ya fashe. Kankare mai gilashi zai iya cin wannan jarrabawa lafiya lau, ya zo ya fara tsagewa bayan shekaru. Kuma cutar tana buƙatar abu uku su haɗu: silika mai saurin ci, kaifin siminti, da danshi. Idan babu danshi, danƙon ba ya kumbura. Mu kuma damina biyu muke gani a shekara a Kumasi, iska cike da laima mafi yawan watanni. Harsashin gini, kwata, kwalbati, daɓen banɗaki, wurin alwala, duk wuraren da ruwa ba ya barinsu ne. Abin da zai yi lafiya a busasshen ɗaki a Agadas ba lallai ya yi lafiya a bakin rafin Aboabo ba.

Da a nan maganar ta tsaya, da sai a ce a bar kwalba a bola. Amma masu bincike sun gano wani abu da ya juya lissafin, kuma a ganina shi ne abin da ya kamata kowane magini ya riƙe. Girman ƙwayar gilashin ne ke yanke hukunci. A jami'ar Kolombiya da ke Niyok, Farfesa Christian Meyer da abokan aikinsa sun yi gwaje-gwaje a shekarun 1990 da gilashi mai girma daban-daban. Sun ga kumburin ya fi tsanani idan ƙwayar ta kai girman yashi mai gautsi, wajen milimita ɗaya zuwa biyu, sannan yana raguwa yayin da ake ƙara niƙa ta, har ya zo ya ɓace idan ta zama gari. Sun kuma lura cewa launi yana da tasiri: farin gilashi ya fi kumbura, koren kwalba kuwa kaɗan ne nasa, abin da suka danganta da sinadarin kuromiyam da ke ba shi launin. Binciken da ya biyo baya ya nuna cewa danƙon ya fi taruwa cikin ƙananan tsagogin da fasawa ta bari a jikin ƙwayar kanta. Babbar ƙwaya tana ɗauke da irin waɗannan tsagogi a cikinta. Ƙwayar da ta zama gari ba ta da cikin da za ta ɓoye su.

A dubi abin da wannan ke nufi a filin Kawu. Idan yaro ya sa kwalabe a buhu ya bi su da guduma, ko aka wuce da su ta ƙaramin injin fasa dutse sau ɗaya, abin da zai fito shi ne gauraye na tsakuwa da yashi mai gautsi. Wato hanyar da ta fi sauƙi da araha ita ce ke ba da daidai girman da ya fi haɗari. Ga wata matsala kuma ta daban. Tsakuwar dutse tana da kaushi, siminti yana samun wurin kamawa. Fuskar gilashi sulɓi ne da ita, kuma ba ta shan ruwa ko kaɗan, don haka riƙon da ke tsakaninta da siminti ba shi da ƙarfi. Manyan ɓaraguzan kwalba kuma fale-fale suke, masu lanƙwasa da kaifi, ba sa zama da juna yadda tsakuwa ke zama. Shi ya sa kusan duk inda aka gwada gilashi a madadin tsakuwa, ƙarfin kankaren yana sauka yayin da ake ƙara yawansa. A madadin wani ɓangare na yashi sakamakon ya fi dama, musamman idan bai wuce kashi ɗaya cikin biyar ba, aka kuma haɗa da abin da ke kwantar da kaifin siminti.

Idan aka niƙa shi ya yi laushi kamar simintin kansa, ƙasa da maikiron 75, wato kusan kaurin gashin kai, sai gilashin ya canza matsayi gaba ɗaya. Lokacin da siminti ke ƙamewa yana barin wani farin sinadari irin na farar ƙasa a jikin kankare, wanda ba ya ƙara masa ƙarfi sosai. Garin gilashi yana haɗuwa da wannan ragowar, su zama irin manne ɗin da ke riƙe kankare tun farko, ya cike ƙananan ƙofofi, ruwa da gishiri su rasa hanyar shiga. Halin da ya sa babbar ƙwaya ta zama cuta, wato saurin ci, shi ne ya sa gari ya zama magani, domin cin yana faruwa da wuri, a ko'ina daidai, ba a taru wuri ɗaya ana kumbura ba. Irin wannan abu ana kiransa fozolana, daga sunan garin Pozzuoli a Italiya inda Rumawa ke ɗibar tokar dutse mai aman wuta suna gini da ita. Kalmar ba baƙuwa ba ce a nan. Cibiyar binciken gine-gine da hanyoyi ta BRRI da ke Fumesua, hanyar Akara, ta yi shekaru tana aiki a kan fozolanar da ake yi da gasasshen yumɓu don rage siminti. Garin gilashi ɗan gidansu ne.

An wuce matakin ɗakin gwaji da shi. A 2020 hukumar ƙa'idoji ta ASTM a Amurka ta fitar da ma'auni na musamman, C1866, don garin gilashin da za a sa a kankare. A birnin Montiriyal na Kanada an gina gadoji biyu da ake kira Darwin a 2020 da 2021, inda garin gilashi ya maye kashi 10 cikin ɗari na siminti, abin da ya cinye kwalabe kimanin 70,000. Aikin ya tsaya ne a kan binciken shekaru da jami'ar Sherbrooke ta yi. A Hon Kon kuma an daɗe ana shimfiɗa bulon daɓe mai ɗauke da niƙaƙƙen gilashi a hanyoyin masu tafiya a ƙasa. Yana da kyau a lura da adadin na Kanada. Masu injiniyoyi da ɗakunan gwaji da kuɗi, kashi goma suka sa a gada. Garin gilashi kuma yana da nasa sharaɗin: ƙarfinsa yana zuwa a hankali, a kwanakin farko kankaren yakan yi ƙasa da na zallan siminti, sai wajen wata biyu zuwa uku ya kamo. Maginin da ya saba cire katakon dakin, wato rufin kankare, da wuri don ya kai wani aikin, wannan jinkirin zai iya zame masa masifa.

Yanzu a yi lissafi irin na ɗan kasuwa, domin a nan ne nake ganin bidiyon ya ɓatar da yaron. Kankare mai faɗin mita ɗaya, tsawon mita ɗaya, tsayin mita ɗaya yana cin yashi wajen kilo 700. A ce za a maye kashi ɗaya cikin biyar da gilashi, kilo 140 ke nan. Idan kwalba ɗaya ta kai giram 400, ana neman kwalba 350 don wannan ɗan kankaren da bai isa daɓen ɗaki ɗaya ba. A tara su, a wanke, a fasa, a tankaɗe, duk don a tsira da yashin baro biyu. Kwalaben Kumasi gaba ɗaya ba za su rage layin tipofin da ke shigowa gari da asuba ba. Amma a juya lissafin zuwa siminti. Buhu kilo 50 ne, kashi goma nasa kilo biyar, wato kwalba goma sha biyu ko sha uku. Siminti shi ne mai tsada a cikin kwaɓi. Gana tana shigo da kilinka, gasasshen dutsen da ake niƙawa a Tema da Takoradi ya zama siminti, don haka duk lokacin da dala ta motsa buhu yana motsawa. A 2024 ya haura sidi ɗari, har gwamnati ta shiga maganar farashinsa. Gasa kilinka kuma yana cikin manyan hanyoyin fitar da hayaƙin da ke ɗumama duniya, masana'antar siminti tana da kusan kashi 7 zuwa 8 cikin ɗari na hayaƙin kabon. Kilo ɗaya na gilashi a gurbin yashi kusan ba shi da daraja. Kilo ɗin nan a gurbin siminti kuɗi ne.

Sai dai kai gilashi ga wannan laushi ba aikin nikanikan masara ba ne. Ana buƙatar inji mai ganga da ƙwallayen ƙarfe yana juyawa na awoyi, ga kuɗin wuta, ga rariyar da za ta tabbatar laushin ya kai. Maƙeran Suame da ke ƙera injin bulo da injin niƙa ba za su gagara ƙera irinsa ba. Abin da ya fi wuya shi ne tsabta da daidaito. Ragowar lemo a gindin kwalba sukari ne, kuma ɗan ƙanƙanin sukari yana hana siminti ƙamewa a kan lokaci. Murfin alminiyam idan ya shiga kwaɓi yana fitar da iska ya bar ramuka. Takardar jikin kwalba da roba suna raunana kankare. Gilashin gaban mota yana da leda a tsakiyarsa. Gilashin tsohuwar talabijin mai ƙeya yana ɗauke da dalma, doguwar fitilar lantarki tana da zaiba, waɗannan biyun bai kamata su kusanci injin ba. Ƙurar niƙa kuma tana buƙatar abin rufe hanci na ƙwarai da tabarau, ba tsumma ba.

Akwai wani abu da masu kawo wannan magana daga Turai ba sa lissafawa, wanda duk ɗan zango ya sani. Kwalba lafiyayya ba shara ba ce a wurinmu. Ta lemo tana komawa kamfani cikin akwatinta. Sauran kuma mata suna saye su wanke, su cika da soyayyar gyaɗa, da zuma, da man ja, da man gyaɗa, da maganin gargajiya. A ƙasar Krobo, wajen Odumase da Somanya, ana daka kwalba ta zama gari a gasa ta a yi duwatsun ado, waɗanda ake kai wa kasuwar Koforidua, kamar yadda Masaga, masu sana'ar gilashi na Bida a Najeriya, ke narkar da ita su yi munduwa. Kwalba ɗaya a hannun mai gyaɗa ko mai dutsen wuya ta fi daraja nesa ba kusa ba a kan a niƙa ta. Idan wani ya buɗe injin niƙa ya fara sayen lafiyayyun kwalabe, abincin waɗannan matan zai taɓa. Abin da ya dace da kankare shi ne wanda ba mai so: fasasshe, gaurayayyen launi, guntayen da masu yankan gilashin taga ke sharewa da yamma, da kwalaben abin sha na waje da ba a mayarwa.

Inda na tsaya ke nan a kan maganar. Ginshiƙi, linta, dakin, matakala, duk abin da ke ɗauke da nauyi a kan mutane, kada gilashi ya shiga cikinsa sai da injiniya da sakamakon gwaji a hannu. A zangonninmu gini a hankali ake yinsa, ɗaki biyu bana, bene bayan shekara goma idan ɗa ya aiko daga waje, kuma sau da yawa wanda ya ɗora benen bai san abin da aka zuba a harsashi ba. Wanda ya tuna benen kantin da ya rufta a Achimota a Nuwamban 2012 ya san kuskuren kankare ba ya ba da sanarwa. Ƙasar tana da kundin ƙa'idar gini tun 2018, akwai hukumar ƙa'idoji ta Gana, akwai jami'ar KNUST da BRRI a ƙofar gidanmu. Gwajin kumburin ma ba dogo ba ne: ana jiƙa ƴan sandunan kwaɓi a ruwan soda irin ta yin sabulu mai zafin digiri 80 na kwana 14, a auna tsawon da suka ƙara. Idan ƙungiyar masu bulo ta haɗa kuɗi ta kai samfuri, nauyin ba zai faɗa kan mutum ɗaya ba. Wurin farawa kuwa shi ne abin da idan ya tsage ba wanda zai mutu: bulon daɓen tsakar gida, dutsen bakin titi, benci, tukunyar fulawa, da daɓen tarazo na cikin ɗaki inda koren gilashi da ruwan ƙasa ke ƙyalli idan an goge.

Na koma wurin Kawu bayan sati biyu na faɗa masa abin da na fahimta. Ya saurara yana juya wani guntun koren kwalba a hannunsa. Ya ce, "Wato idan na bar ta da girma za ta ci ni, idan na mayar da ita gari za ta yi mini aiki." Na ce haka ne, Kawu, amma garin sai ya kai laushin siminti. Ya kira yaron nan mai waya, ya sa shi ya wanke korayen kwalaben da suka fashe, ya daka su a tsohon turmin ƙarfe da hanci a rufe, ya tankaɗe da rariya mafi laushi da suka samu. Sun buga bulon daɓe goma sha biyu, shida da gilashi, shida babu. Kawu ya ɗauki ƙusa ya rubuta kwanan wata a bayan kowanne tun yana ɗanye, ya sa aka jera su a ƙarƙashin famfon da yaran ke alwala, inda ƙasa ba ta bushewa. Ya hana a sayar da ko ɗaya.